Motar da Ba Ta Kuka a Gaban Bakanike

Motata Peugeot 504 ce, amma da injiniyoyin Faransa da suka fito da wannan samfuri a 1968 za su buɗe bonet ɗinta yau, sai sun nemi wurin zama. Injin dai nasu ne, mai cc 1971. Sauran kuwa, duk wanda ta bi ta hannunsa sai da ya bar mata abin tunawa. Wani ya cire kafireton asali ya ɗora mata Weber. Wani ya ƙaƙaba mata esi. Wanda na saya a hannunsa, da alama ya fi son kiɗa a kan tafiya, ya cika but da lasifika da amfilifaya, ya jera manyan fitilu a gaba, da ya ga batir ba ya kwana da rai sai ya nemo altaneta, wato na’urar da ke cajin batir, mai amfiya 120 daga jikin wata mota dabam, aka yi mata ƙafa da walda, aka ɗaure.

A haka muka zauna lafiya har ta fara kuka.

Da sassafe take yi. Ina murza makulli, injin na kamawa, sai wani siririn ƙiiiii ya taso daga gaba, kamar an take wa ɗan kwikwiyo wutsiya an ƙi ɗagawa. Ya yi kamar rabin minti, ya ɗauke ɗif. Da rana lafiya lau. Da dare kuwa, in na kunna fitilu na tsaya a danja, ina taka totur zai dawo, mutanen motar da ke gefe su juyo suna dubana da tausayi.

Ban san ina zaune cikin masana ba sai a lokacin. Uwargida ta ce injin ne zai buga, kuma ta faɗa tun ranar da na kawo motar. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce birki ne. Na ce masa ai motar a tsaye take lokacin da take kukan, ya ce to shi ya sa, ai birki ne ya tsayar da ita. Wani abokin aikina ya ce in goga sabulu a jikin fambel, robar nan da injin ke juya altaneta da famfon ruwa da ita. Na goga. Ta yi shiru har ƙarshen layi, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya, sai dai yanzu cikin ƙamshi.

Na kai ta wurin bakanike. Ya buɗe bonet, ya ce in tayar. Na tayar. Injin ya kama silo a natse, ko tari babu. Ya ba ta wuta, ya saki, ya sake ba ta. Shiru. Ya dube ni, ya dubi motar, na ga alamar ita ya fi gaskatawa.

“Yallaɓai, ai lafiyarta ƙalau.”

Na tsaya a gaban yaransa ina kwaikwayon kukan da bakina, magidanci da ni, har da ɗaga wuya don muryar ta fita daidai. Wani daga cikinsu ya shige ƙarƙashin wata mota, na tabbata ba aiki ya kai shi ba. Bakaniken ya ce in dai haka take yi, fambel ne ya saki. Ya sa sifana ya sassauta notin altaneta, ya sa ƙarfe ya banƙare ta, ya ɗaure. Washegari da safe ta gaishe ni da muryar da ta fi ta jiya tsini. Na koma, ya ƙara ja. Na sake komawa, ya canja fambel ɗin da sabo, ya ja shi har in ka ɗana shi da yatsa sai ya yi amo.

Daga baya na fahimci dalilin da ya sa take rufa wa kanta asiri a gabansa. Tayar da mota yana zuƙe batir, don haka a daƙiƙun farko altaneta na aiki da dukkan ƙarfinta ta mayar da abin da aka ci, kuma gwargwadon wutar da ake nema a wurinta, gwargwadon taurin da take yi wajen juyawa. Robar fambel kuma da sanyin safiya ba ta da laushi. Kafin in isa wurinsa batir ya cika, roba ta ɗumama, shaida ta ɓace.

Sai na ce bari in yi binciken da kaina, ranar da ba aiki, da ɗana a matsayin ɗan hannu.

Na fara da kore waɗanda ba su da laifi. Na taka kuloci na saki, kukan bai canja ba, ke nan ba boris ɗin kuloci ba ne. Na san kafireton da aka ɗora a kan mazaunin da ba nasa ba yakan sha iska ta gefen gasket ya riƙa fito, sai na fesa ɗan maganin wanke kafireto a gindinsa ina sauraro. Da akwai kafa, da silo ya canja. Bai motsa ba. Na kawo ruwa a gora na fesa wa fambel. Masu sana’ar suna cewa in ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci, a duba ko fuli, wato faifan da fambel ke zagayawa a kansa, ya kauce daga layi. In ta ƙaru, fambel ne ke sulɓi don bai kama ba. In ba ta canja ba, a tuhumi boris. Ina fesawa ta ƙwala wani ihun da ya tashi tsuntsayen da ke kan waya. To, sulɓi ne. Amma ta yaya fambel ɗin da aka ja har yana amo zai yi sulɓi?

Na ɗauko guntun tiyo, na sa baki ɗaya a kunne, ina bin injin da ɗayan, daga famfon ruwa zuwa altaneta, na naɗe hannun riga saboda fanka ba ta san mai mota ba. Kaina na can ciki na ce wa yaron, “Danna kaɗan.” Totur nake nufi. Ya danna hon. Hon ɗin ma ba na asali ba ne, na babbar mota ne, kuma bakin tiyon yana dab da shi.

Na miƙe ba shiri, ƙeyata ta gaisa da bonet, sandar da ke tokare shi ta zame, ya sauko ya same ni a kafaɗa. Na zauna a ƙasa. Yaron ya leƙo ta taga.

“Baba, in ƙara?”

Har yamma ina jin ƙiiiii a kunnen dama, alhali motar a kashe take.

A haka kawuna ya zo ya same ni. Ya yi shekaru yana tuƙin manyan motoci kafin ya ajiye, kuma irin mutanen nan ne da ba sa taɓa abu sai sun gama kallonsa. Na zayyana masa duk gwaje-gwajen da na yi, ina sa ran yabo. Ya ce, “Cire min fambel ɗin, ɗana.”

Na cire. Ya ce in tayar, amma kada ta wuce minti ɗaya, tunda famfon ruwa ba ya juyawa, injin zai ɗau zafi. Na tayar. Ba kuka. Ya ce in kashe. Ya juya fulin altaneta da hannu, ya tafi sumul. Ya kama na famfon ruwa ya girgiza, ya ɗan yi wasa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce wannan aikin masu ja ne, in aka ci gaba da banƙarar fambel haka, boris ɗin famfo ne zai fara tafiya, ruwa ya biyo baya.

Sannan ya haska fitilar waya cikin kwarin fulin altaneta.

“Me ka gani?”

“Ƙarfe, Kawu.”

“Ina yake ƙyalli?”

Na sunkuya. Gefe da gefen kwarin duk sun dushe, har da ɗan tsatsa. Can ƙasan kwarin ne ya goge fes, siririn layi yana walƙiya, ga baƙin garin roba ya taru a jikin altanetar.

Fambel irin wannan, mai siffar V, da gefensa yake kama fuli. Yana shiga kwarin ya cije a tsakanin bangon nan biyu, cikinsa bai kamata ya taɓa ƙasa ba ko kaɗan. Kawu ya auna: fambel ɗina faɗinsa milimita 10, daidai da fulin injin da na famfon ruwa. Kwarin fulin baƙuwar altanetar kuwa na fambel mai milimita 13 ne. Nawa yana faɗawa ciki ya zauna a ƙasa, bangon bai riƙe shi ba. Ko da katafila za a ja shi, zamewa zai yi.

“Kun yi ta saurare,” in ji shi. “Gani ya kori ji.”

Bai tsaya nan ba. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin injin ya nufi na altaneta, sai ga rata, mai waldar ya tura ta baya kaɗan. Wannan washa biyu suka gyara shi. Fulin kuma muka samo mai kwarin da ya dace muka musanya. Ya ja fambel ɗin da kansa, ya danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya, ya ce haka ake so, a bar shi ya yi numfashi.

Da safe na murza makulli. Ta tashi ba ko uffan. Na kira uwargida ta zo ta ji abin da babu.

Da dare na ce a fito a zaga gari, a yi murna. Na kunna manyan fitilu duka, na kunna esi, na ƙure kiɗa. Muna tashi daga danja ta farko, ƙiit. Gajere, amma na ji shi, ita ma ta ji.

Na kira Kawu a waya. Ya saurara, ya ce in yi lissafi. Amfiya 120 sau bolt 14, wat 1,680 ke nan. Altaneta kuma kusan rabin abin da take karɓa daga injin zafi yake zama, don haka in an ƙure ta tana jan wajen wat 3,000, ƙarfin doki 4. Duk a wuyan roba guda mai faɗin ɗan yatsa. Esi na da nasa fambel ɗin, amma fankokinsa a jikin altanetar suke ci. Ya ce ko dai in mayar da ita mai fambel biyu, wanda ke nufin canja fulin injin ma, ko kuwa in koyi zaɓi.

Na kashe wayar, na yi wa mutanen motar bayani cewa daga yau, fitila dole ce, saura kuma ɗaya za a ɗauka, ko sanyi ko kiɗa. Na ce a kaɗa ƙuri’a, ina ganin yaron nawa ne.

“Maigida,” in ji uwargida, tana miƙa hannu ta kashe rediyon, “ai kai kunnenka ɗaya ma bai gama warkewa ba.”

Yaron ya ɗaga hannu daga baya ya ce shi dai a bar masa hon.