Ba soyayya ce ta rusa gidan Skywalker ba

Dan Allah masu kallon finafinan Star Wars ku daina cewa wai mace ce ta halaka Anakin Skywalker. Maganar nan tana ci min rai, a majalisarmu ta Tudun Wada an yi ta, a guruf ma an yi ta, kullum sai a ce da bai so matarshi Padme ba da bai zama mugun nan Darth Vader ba. Nikam ban yarda ba. Abun da ya cinye gidan nan tun daga kan uba har jika shi ne ɓoye-ɓoye, an ɓoye aure, an ɓoye ciki, an ɓoye 'ya'ya, daga baya aka ɓoye ma 'ya'yan su waye iyayensu.

Ku koma ƙarshen fim ɗin 2002, Attack of the Clones, ku kalli ɗaurin auren nan da kyau. Wurin ya haɗu ba ƙarya, bakin tafki ne a duniyar Naboo, a zahiri kuma a gaɓar tafkin Como na ƙasar Italiya aka ɗauka. Amma su waye a wurin? Ango, amarya, mai ɗaurawa, sai mutum-mutumi guda biyu, R2-D2 da C-3PO. Shikenan fa. Ba waliyyi, ba wakilin ango, ba ɗan adam ɗaya da zai ce na shaida. Kuma kar wani ya ce min ai Padme ba ta da kowa, tana da uwa tana da uba tana da yaya mace duk suna raye a Naboo ɗin nan, an nuno su a bayan gawarta a fim ɗin 2005. Yarinyar da ta yi sarautar duniya guda tana shekara 14, ta zo ta zama sanata, ita ce aka ɗaura ma aure ba a sani ba a gidansu.

Mu nan Zariya in za a ɗaura aure a cikin Birni ko Sabon Gari ko Samaru, sai an tara mutane, a faɗi sadaki a bainar jama'a, a raba goro da alawa, maroƙi ya ɗaga murya kowa ya ji wane ya auri wance. Yara na yanzu wasu suna ganin wahala ce kawai da kashe kuɗi. Toh amfanin taron nan ba a ranar yake fitowa ba, sai ranar da abu ya ɓaci. Ranar ne mace take da wurin kai ƙara, namiji yake da wanda zai kira shi ya zaunar da shi ya ce kai wane shiga hankalinka. Padme ba ta da wannan ko ɗaya. Kafin auren ma fa Anakin da bakinshi ya faɗa mata cewa ya karkashe mutanen Tusken, 'yan wata ƙabilar hamada da suka sace uwarshi, duk zangon, har mata da ƙananan yara bai bari ba. Wallahi da akwai kawu ko goggo ɗaya da ta kai ma wannan magana, da an tsaya an yi bincike, ko a fasa ko a jinkirta har yaron ya samu wanda zai duba mishi abun da ke damun zuciyarshi. Ita kaɗai ta ji, ita kaɗai ta haɗiye, ta aure shi a haka.

Kuma ni laifin farko ba a kansu nake ɗora shi ba, a kan 'yan Jedi, ƙungiyar mayaƙan da ta raini Anakin, nake ɗorawa. Yaro ɗan shekara 9, bawa ne a duniyar Tatooine shi da uwarshi Shmi, wani ɗan Jedi Qui-Gon ya zo ya fanshe shi ya tafi da shi, uwar aka bar ta a hannun mai gidanta. Shekara goma cur ba a nuna mana ƙungiyar nan mai haikali a babban birnin duniyoyi, mai jiragen sama jannati, ta tura ko mutum ɗaya ya je ya fanso matar nan ba. Sai wani manomi Cliegg Lars ne ya saye ta ya 'yanta ta ya aure ta. Dokarsu ita ce kar ɗan Jedi ya shaƙu da kowa, ba uwa ba mata ba ɗa. Sun raba yaro da uwarshi, sun hana shi aure a fili, toh ina suke so ya kai zuciyarshi? Ranar da ya sake ganin uwar tashi a ɗaure ya same ta, a hannunshi ta cika.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne a Revenge of the Sith, fim ɗin 2005, lokacin da Anakin ya fara mafarkin matarshi za ta mutu wurin haihuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ɗakin haihuwa yana jiran a fito mishi da labari ya san wannan tsoron, ballantana mu da muke ƙasar da haihuwa ke cin mata da yawa. Ya je wurin Yoda, babban malamin 'yan Jedi, neman shawara amma bai isa ya ce matata ce ba tunda auren na sata ne, sai kewaye-kewaye yake yi, shi kuma tsohon ya ce mishi ya koyi sakin duk abun da yake tsoron rasawa. Haba. Padme ta ce ko za su nemi ubangidanshi Obi-Wan ya taimaka musu, ya ce a'a. Mutum ɗaya ne a duk faɗin duniyoyin nan ya nuna ya san sirrin kuma ya ce akwai hanyar da za a hana ta mutuwa, shi ne Palpatine, shugaban gwamnati kuma babban maƙiyin 'yan Jedi a ɓoye. Sirrin da ya hana ubangidanshi da surukanshi, shi maƙiyi ya riƙe ya ja shi da shi har duniyar Mustafar inda ya shaƙe matar da yake cewa dan ita yake yin komai.

Sai maganar tagwayen da Padme ta haifa kafin ta cika, Luke da Leia. Na yarda ɗari bisa ɗari dole a ɓoye jarirai, uban ya riga ya kashe ƙananan yara a haikali, ba wanda zai miƙa mishi su. Sanata Bail Organa ya ɗauki Leia zuwa duniyarsu Alderaan, Obi-Wan ya kai Luke Tatooine wurin Owen, ɗan mijin Shmi, da matarshi Beru. Har gawar Padme an shirya ta kaman cikin yana nan dan a ɗauka abun da ke ciki ya mutu tare da ita, kenan iyayenta sun bi gawar 'yarsu ba su san suna da jikoki biyu a raye ba. Wannan duk lalura ce, na fahimta. Abun da ban fahimta ba shi ne Luke yana da shekara 19, ya mallaki hankalinshi, ya zauna gaban Obi-Wan ya tambaye shi labarin ubanshi, dattijon ya ce mishi Vader ne ya ci amanar uban ya kashe shi. Ya ɗauki takobin uban ya ba shi, yana shirya yaro ya je ya kashe mahaifinshi bai sani ba. Sai a fim ɗin 1980 ya ji gaskiya daga bakin Vader ɗin, bayan an sare mishi hannu.

A fim ɗin 1980 ɗin dai Leia ta sumbaci Luke dan ta ba Han Solo, wanda daga baya ya zama mijinta, haushi, mutane suna yanko wurin suna dariya, ni ba ya ba ni dariya ko kaɗan. Ciki ɗaya suka kwanta, kuma akwai manya da suka sani suka yi shiru, sai a 1983 aka faɗa musu. Mu ma fa muna da riƙo, kusan kowane gida akwai wanda ya tashi hannun goggo ko kawu ko kaka, wani ma sai ya girma yake gane ba ita ta haife shi ba, amma dangi sun sani, unguwa ta sani, ranar da maganar aure ta taso akwai tsohuwar da za ta ce ku dakata. Hatta nono in yara sun sha ɗaya ana riƙe lissafin dan kar a zo a haɗa 'yan uwan shayarwa aure. A Suratul Ahzab aya ta 5 an ce a kira 'ya'yan riƙo da sunan ubanninsu. Duk wanda ya ga yadda Vader ya azabtar da Leia a fim ɗin farko na 1977, ya riƙe ta tana kallo aka tarwatsa Alderaan da iyayen riƙonta a ciki, uba bai san 'yarshi ba 'ya ba ta san ubanta ba, zai gane hukuncin nan rahama ne.

Han da Leia ba zan daɗe a kansu ba, su dai a fili suka yi nasu kuma ina son su. Amma ɗansu Ben an tura shi wurin kawunshi Luke karatu, ya tashi yana bauta ma ƙonannen kwalkwalin kakanshi Vader, kakan da a ƙarshe ya tuba ya ba da ranshi dan ya ceci ɗanshi. Wa ya zaunar da yaron nan ya ba shi labarin gidansu daga farko har ƙarshe, mai daɗi da mara daɗi? A fim ɗin 2015 Han ya bi shi har kan gada yana kiran sunanshi na yanka, yaron ya soke shi.

Wasu mutum biyu kuma da ba a cika ambata ba, Owen da Beru. Owen agolan gidan ma ba shi ba ne, ɗan Cliegg ne, Shmi matar ubanshi ce, kenan ba jini tsakaninshi da Anakin ko ɗigo. Amma suka karɓi jariri suka riƙe shi shekara 19 a cikin hamada suna noman ruwa daga iska, gidan nasu ma a Tunisiya aka ɗauke shi. Sojojin daula suka zo suka ƙone su a ƙofar gida, fim ya ba su 'yan daƙiƙoƙi ya wuce. A wurina auren nan nasu shi ne mafi lafiya a duk labarin.

Shi ya sa ƙarshen fim ɗin 2019 bai min ba sam. Rey, jarumar fim ɗin, ta gano ita jikar Palpatine ce, ta je tsohon gidan su Owen ɗin, wata tsohuwa ta tambaye ta sunan gidansu, ta ce Skywalker. Na san abun da masu fim ɗin suke nufi, wai mutum shi ke zaɓar danginshi. Amma yarinyar nan tana da uba, ɗan Palpatine ne da ya guje ma mugun uban nashi, shi da matarshi suka ajiye ta a duniyar Jakku dan kar a same ta, aka kama su suka ƙi faɗin inda take aka kashe su a kan haka. Mutanen kirki ne ba abun kunya ba. Su ya kamata ta ambata ma tsohuwar nan, amma har fim ɗin ya ƙare ko sunansu ba a faɗa mana ba.