Goron ne ko sabo da gwajin ne?

Jiya ƙanina da ke ajin ƙarshe a jami'a ya kawo min firojet ɗinsa in duba, wai ya gano cin goro na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Na ce to ya ka yi? Ya ce ya tara ɗalibai ya ba su kalmomi su haddace ya rubuta makinsu, sannan ya raba musu goro ya sake yi musu gwajin, sai maki ya tashi. Wallahi abin ya dame ni don yaron ya sha wahala a kai.

Na ce masa ƙanina, ko ruwan randa ka ba su makin nan zai tashi. Mutum in ya yi abu sau ɗaya, karo na biyu fargaba ta tafi, ya gane dabara, hannu ya faɗa, to da me za ka raba aikin goro da aikin sabo? Kuma gajiya ma tana nan tana ja ta ɗaya gefen. Tun fiye da shekara 100 wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Emil Kraepelin, yake sa mutane su yi ta tara lambobi ba tsayawa, ya ga sabo na ɗaga aikinsu gajiya na sauke shi, duk a zama ɗaya. A Ingila kuma Norman Mackworth, saboda masu lura da na'urar rada mai hango jiragen abokan gaba a yaƙin duniya na biyu, ya zaunar da mutane awa 2 suna kallon hannun agogo su kama lokacin da ya yi tsalle biyu, bayan minti 30 kacal sun fara kuskurewa. Aikin ya fito a 1948.

Gyaran ba ya cin kuɗi fa. Raba su gida biyu, rabi su fara da goro rabi su fara babu, daga baya a juya, kalmomin kowane zama daban, kuma a bar kwanaki a tsakani don goro ba ya barin jiki nan take.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne malamin da ke duba shi ya karanta babin nan ya sa hannu bai tambayi wane gwaji aka fara ba. Yaro bai sani ba, ai don ya sani aka tura shi makaranta. Ya dai yarda zai sake tara su mako mai zuwa, na ce kuɗin goron a kaina.