Bakano Ya Hango Kasuwa a Shikago

Ƙarshen watan Mayun 2024 ne, a wata unguwa da ke bayan birnin Shikago, a jihar Illinois ta Amurka. Bakano ya sauka a gidan Bazazzagi. Da sassafe sai ga shi ya faɗo ɗaki da bokiti a hannu.

Bakano: Malam, tashi! Arziki na rarrafe a ƙofar gidanka, kai kana minshari. Fara ce ko'ina, har jikin tayar motarka.

Bazazzagi: Ka taɓa ganin fara mai jajayen idanu? Sikada ce, Alhaji. Shekara 17 ta yi a ƙarƙashin ƙasa tana tsotson ruwan saiwar bishiya, sai bana ta fito.

Bakano: Shekara 17 tana kiwon kanta, ba dusa ba harawa? Tubarkalla! Ana ci?

Bazazzagi: Ana ci. Mutanen Onondaga, 'yan asalin ƙasar nan, tun kaka da kakanni suke ci. Turawa kuwa wasu su soya, wasu su tsoma ta a cakulan.

Bakano: Cakulan! Allah ya ba su nama, sun mai da shi alewa. Ina man gyaɗa, ina yaji, ina lemon tsami? Yadda matan Maiduguri ke yi wa fara, haka zan yi mata.

Bazazzagi: Miƙo bokitin mu gani. Kai, Alhaji! Rabin wannan ai ɓawo ne, rigar da suka tuɓe suka bari a jikin itace. Wadda ake nema ita ce wadda ta fito daga ɓawon yanzu-yanzu, tana nan fari fat, jikinta da taushi. Kuma mata ake zaɓa, su ke da ƙwai. Mazan cikinsu fanko ne, ba abin da suka iya sai ƙara.

Bakano: Ciki fanko, sai surutu? Ashe 'yan Zariya ne.

Bazazzagi: Allah ya shirye ka. To ka ji: hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce duk wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande kada ya taɓa ta, don danginsu ɗaya. Kada kuma ka tsinta a inda aka yi feshin maganin ƙwari.

Bakano: Wannan duk mai sauƙi ne. Suna da yawa dai?

Bazazzagi: Wani wurin, eka ɗaya sai a samu sama da miliyan.

Bakano: Miliyan! Shi ke nan, na kama shago. Mudu-mudu zan riƙa aunawa.

Bazazzagi: Wa zai sayi abin da ke faɗo masa a ka kyauta? Ban da haka, sati huɗu zuwa shida suke yi, su saka ƙwai a rassan itace, su mutu. Nan gaba kaɗan sai wari, a share a zuba wa shuka su zama taki.

Bakano: Taki? Ka san kuɗin buhun taki a gida kuwa? Ka ga sana'a ta zama biyu. Ranta min dala 500 in sayi firiza.

Bazazzagi: Ka biya yaushe?

Bakano: Da zarar kaya na biyu sun fito.

Bazazzagi: Alhaji, 2041 fa ke nan!

Bakano: Haba Malam, gaggawa aikin shaiɗan ce. Amma in ka matsu, an ce akwai mai shekara 13 a kudancin jihar. Mu haɗu 2037, ka zo da takardarka.