Sharhi: Gaggawa ce ke cinye rayuka a tsibirin Crash Bandicoot

Duk wanda ya leƙa gidajen gem na Kaduna, ko a Tudun Wada ko Kawo ko Barnawa, ya san ƙwallo ce ke riƙe da kasuwa. Wasannin tsalle-tsalle irin su Crash Bandicoot da Sonic da Mario an mayar da su abin da ake kunna wa ƙani ya yi shiru kafin yayyensa su gama fafatawa. Shi kuma da zarar an miƙa masa hannun gem sai ya danne maɓallin gaba ya runtuma, ya faɗa ramin farko, ya dawo ya sake faɗawa, kafin a ankara rayukansa sun ƙare an karɓe hannu. A ganina laifin ba na wahalar wasan ba ne. Matakin farko na yawancin waɗannan wasanni, wanda aka fi ginawa a kan tsibiri mai rairayi da bishiyoyin kwakwa, an tsara shi ne don a bi shi a tsanake ana dube-dube. Yadda ake buga shi a nan, da yadda ake sayar da lokacinsa, su ne suka ci karo da tsarin.

Yawan tsibirai a wannan nau'in wasa ba dace ba ne. Sonic na farko, wanda Sega ta fitar a 1991, ya buɗe da matakin Green Hill a kan tsibiri. Donkey Kong Country na 1994 gaba ɗayansa a tsibiri yake. Crash Bandicoot na 1996 ya fara da jarumin kwance a bakin teku, Super Mario Sunshine na 2002 kuma ya kai Mario hutu tsibirin Delfino. Mai tsara wasa yana samun abubuwa biyu a tsibiri kyauta. Na farko launi: rairayi fari-fari ne, teku shuɗi, ciyayi kore, don haka idon ɗan koyo yana rarrabe inda za a taka da inda ba za a taka ba tun kafin ya yi tunani. Na biyu iyaka. Ruwa shinge ne da ba ya buƙatar bayani, ko ga yaron da iyakar ruwan da ya sani shi ne Kogin Kaduna.

Matakin farko na Crash, wato N. Sanity Beach, shi ya fi dacewa a tsaya a kai, domin kusan duk abin da wasan zai nema daga baya an baje shi a nan cikin sauƙi. Crash yana da motsi biyu kawai a wannan wasa, tsalle da juyi. Tsallen ba tsayi ɗaya ba ne: taɓa maɓallin X a saki yana ba da gajere, riƙe shi yana ba da dogo. Yawancin faɗawa rami daga nan take, yaro ya ƙyasta maɓallin maimakon ya riƙe, ko ya tashi tun da sauran taku biyu kafin baki. Ramukan farko ƙanana ne da gangan don a gwada wannan bambanci ba tare da asara mai yawa ba. Ƙaguwoyin da ke kan hanya suna zarya ne dama da hagu a layi ɗaya, ba sa bin mutum, saboda haka wanda ya tsaya ya ƙirga zaryarsu sau ɗaya ya gama da su. Kunkuru idan aka diro masa yana kifewa, sai a same shi a matsayin abin tashi sama.

Akwatuna ne ainihin darasin. Kowane iri yana da ƙa'idarsa, kuma juyi, wanda shi ne abin da hannun ɗan koyo ya fi saurin kai wa, shi ne ke ɓata mafi yawansu. Akwati mai ratsi-ratsi yana ɗauke da 'ya'yan itacen wumpa har goma, amma sai an yi ta dira a kansa yake bayarwa. Aka juya a kansa ya fashe, ba ko ɗaya. Akwati mai kibiya abin hawa ne, ana dira a kansa a riƙe X a tashi sama a fasa wanda ke rataye can bisa. Wanda ya fasa shi tun farko ya yanke wa kansa tsani, kuma ba gyara sai an sake matakin. Jan akwatin TNT, wanda za a yi ta haɗuwa da shi a gaba, idan aka diro masa yana ƙirga uku, biyu, ɗaya, akwai lokacin matsawa; aka juya a jikinsa nan take yake tashi da mutum. Hatta 'ya'yan itacen da ke zube a ƙasa, idan aka shiga cikinsu ana juyi sai su watse su bar allon, ba sa shiga lissafi. Tunda ɗari ne ke ba da ƙarin rai guda, mai juyi babu ji babu gani yana isa mataki na uku da aljihu wayam. Fuskar katakon nan ta Aku Aku tana tare duka ɗaya, idan aka tara uku tana ba da ɗan lokacin da babu abin da ke taɓa mutum, amma ko goma aka tara ba ta hana mutuwa a rami, kuma a daidai wannan lokacin na jin ƙarfi ne yara suka fi afkawa.

Akwai abin da ba a faɗa wa ɗan wasa a ko'ina cikin wasan, alhali shi ne rabin gwaninta: inuwa. Kyamarar Crash tana bayansa tana kallon cikin allo, don haka ido ba ya iya auna nisa daidai. Ɗan baƙin da'irar da ke ƙarƙashinsa shi ke nuna ainihin inda zai sauka. Mai kallon jikin Crash a sama yana tsalle ne da ƙaddara. Mai kallon inuwa yana gyara saukarsa tun yana iska. A kan farin rairayi inuwar tana fitowa sarai, shi ya sa bakin teku ne wurin koyon wannan ɗabi'a kafin a shiga matakai masu duhu. Muhimmancinta ya kai har Crash Bandicoot 4 na 2020 ya zagaye ta da zobe mai launin rawaya don kada ta ɓace wa ido.

Kusa da ƙarshen matakin hanya tana rabuwa biyu, kuma nan ne ake gane wanda ke bincike. Dukkan rassan suna kaiwa ƙarshe, amma mai son lu'ulu'un da ake bayarwa idan an fasa dukkan akwatuna dole ya bi ɗaya, ya dawo da baya yana fuskantar kyamara, sannan ya bi ɗayan. A ɗaya reshen akwai akwatin ƙarfe mai alamar motsin rai, wanda idan aka buga shi yake fito da jerin akwatuna su zama gada a kan dogon rami. Wahalar ita ce gadar da za a taka ita ce kuma ake so a fasa. Sai a diro kan kowane akwati a tsakiyarsa, ya fashe ya cilla mutum zuwa na gaba, ana sakin maɓallin gaba kaɗan-kaɗan don kada a tsallake ɗaya. Wanda ya tsallake guda kada ya yi kwaɗayin komawa, ƙasa babu komai.

A nan ya kamata a san wane Crash ake bugawa. A na asali na PlayStation, mutuwa ɗaya bayan an fasa akwatin zango mai harafin C, wanda daga wurinsa ake ci gaba idan an mutu, ta isa ta hana lu'ulu'u. A sabuntawar N. Sane Trilogy ta 2017 an sassauta: farin lu'ulu'u yana samuwa ko an mutu, masu launi ne kawai ke neman a gama ba mutuwa. Sai dai abin da aka bayar da dama an karɓa da hagu, domin kamfanin Activision da kansa ya amsa cewa Crash na sabon yana saukowa da ɗan sauri fiye da na da, kuma an canza yadda ƙafarsa ke kama baki. Shi ya sa manya da suka goge a tsohon suke zamewa daga gefen dakali a sabon suna zargin hannun gem. Maganin shi ne a nufi tsakiyar wurin sauka, a daina dogara da gefe.

Sonic ma, wanda sunansa gudu, yana biyan mai haƙuri. Green Hill tana da hanyar sama da ta ƙasa, ta saman ta fi sauri da lada, ta ƙasan ta fi ƙayoyi, kuma akwai akwatunan taimako da aka ɓoye a kan bishiyoyin kwakwa. Wanda ya isa ƙarshe da zobe 50 shi ake buɗe wa babban zoben shiga mataki na musamman. An ba da minti goma ga kowane sashe, mai gudu a makance ba ya cin ko biyu, ya fito babu zobe.

Akwai ƙorafin da ake yi wa wannan ra'ayi, kuma yana da ƙarfi: cewa binciken lungu-lungu yakan koma aikin wahala, ana tsintar tarkace don cika lissafi. Gaskiya ne a wasu wasannin. Super Mario Sunshine yana da shuɗayen kuɗi 240, kowane goma ana musanya su da tauraro ɗaya daga cikin 120, kuma wasu an ɓoye su inda babu wata alama, sai dai mutum ya yi ta fesa ruwa a bango da ƙasa ko Allah zai sa a dace. Wasan kuma ba ya nuna wanne aka ɗauka wanne ya rage. Wannan ba na kare shi, ɓata lokaci ne, duk da kyawun tsibirin. Banjo-Kazooie na 1998 ma yana da nasa zaluncin a na'urar Nintendo 64: a tsibirin Treasure Trove Cove akwai alamun kiɗa 100 da za a tara, mutum ya mutu a na casa'in da tara sai ya faro daga sifili. Amma shi aƙalla yana da adalci wajen ɓoyo. Akwai wata 'yar halitta da ake nema da aka aje ƙarƙashin gadar katakon da ake farawa a kai, a cikin ruwan da mugun kifi mai suna Snacker ke sintiri, kuma ana jin kiranta. Ɗan wasa ya san akwai abu, ya san haɗarin, zaɓi ya rage nasa. Donkey Kong Country ya fi kowa iya wannan: ayaba ɗaya tilo a wurin da bai kamata ba, a bakin rami ko jikin dutse, alama ce cewa akwai ganga ko ƙofa a ɓoye. Ma'aunina shi ne ko an bar wa mai lura wata alama. Inda aka bari, laifin rashin gani na mai gaggawa ne.

Gaggawar kuwa tana da tushe a yadda shagunanmu ke lissafi. An saba da ƙwallo, inda wasa ɗaya ke da farko da ƙarshe da kuɗinsa, wanda ya sha kashi ya tashi. Aka ɗora wannan awo a kan wasan bincike, sai ka ji yaro yana tambaya, "Yaya, saura minti nawa?" tun bai wuce ƙaguwa ta biyu ba. Wanda agogo ke bi ba zai koma baya neman akwati ba. Masu shago da ke son wannan kasuwa su ware na'ura ɗaya su sayar da ita da rabin awa ko awa, musamman da rana lokacin da kujerun ƙwallo ba su cika ba, kuma su bar wa mai zuwa kullum gurbin ajiye inda ya tsaya a wasa. Ajiya ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake ɗauke wuta ba sallama. Crash na 1996 ba ya bari a ajiye wasa sai an ci zagayen kyauta na Tawna, budurwar Crash, ko an samu lu'ulu'u, kuma katin ajiya na PlayStation gurbi 15 kawai gare shi. Kafin a tayar da janareta aikin awa guda ya tafi. Ƙaramin batirin da ke riƙe na'ura na 'yan mintuna ya fi sabon kaset amfani a irin wannan shago.

Masu bugawa a waya da manhajojin kwaikwayo irin su DuckStation ko ePSXe suna da akasin wannan matsala, wato damar ajiyewa a kowane taku. Amfani da ita a ƙarshen mataki daidai ne. Ajiyewa kafin kowane tsalle kuwa yana kai mutum matakan gada na gaba ba tare da hannunsa ya koyi komai ba, a can kuma zai maƙale. Maɓallan gilashin waya ma ba su dace da gadar akwatunan nan ba, domin yatsa ba ya jin inda ya danna.

Sauran abin da ke kashe tsalle yana cikin kayan aiki. Yawancin talabijin na zamani suna gyara hoto kafin su nuna shi, wannan gyara kuma yana jawo jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin motsi. A wasa mai hoto 60 a daƙiƙa, kowane hoto bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba, N. Sane Trilogy a PlayStation 4 hoto 30 yake bayarwa, wato kusan kashi 33 kowanne. Jinkirin hoto uku ko huɗu ya isa ya sa a danna tsalle bayan ƙafa ta bar baki. A shiga saitin hoto a kunna yanayin wasa, a kashe duk wani mai santsa motsi. Hannu mai igiya ya fi na Bluetooth mai arha tabbas. Tsohon Crash an yi shi ne kafin hannun PlayStation ya samu sandar analog, don haka maɓallan kibiya sun fi riƙe layi miƙe a kan ƙananan dakali. Idan kuma X ya fara ƙin amsawa sai an danne da ƙarfi, musamman bayan hunturu, yawanci ƙura ce ta shiga tsakanin robar maɓalli da allon lantarki. A kwance kusoshin baya, a ɗaga robar, a goge baƙin ɗigon da ke ƙarƙashinta da wurin da yake taɓawa da auduga mai ɗan sifirit, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. Robar da ta tsage ba ta gyaruwa, sai dai a ciro wata daga mataccen hannu.