Ba staf ne ya toshe mata hanyar ƙwai ba

Wato har yanzu akwai masu gaskata cewa staf ne ya hana baiwar Allahn nan haihuwa? Tun jiya ake yawo da hoton takardar gwajinta da ta nuna ƙwayar cutar staf, kowa a wurin sharhi ya zama likita. Wannan ya ce allura goma, wancan ya ajiye lambar mai maganin sanyi, wata kuma ta rantse a masai aka kwaso. Sannunku da aiki.

Gwajin HVS, wato gwajin ruwan gaban mace da ke nuna staf ɗin, ba ya ganin klamidiya, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta saduwa, wadda ita ce ke iya toshe hanyar ƙwai. Ko sau goma za a maimaita shi, ba zai gan ta ba. Abin da ake yi shi ne a shafo ruwan gaba da auduga, a goga a faranti, a jira kwana biyu a ga abin da ya tsiro. Ita kuwa klamidiya a cikin ƙwayoyin halittar bakin mahaifa take rayuwa, ba ta tsirowa a faranti ko kaɗan. Staf fa? Kusan mutum ɗaya cikin uku lafiyayyu na ɗauke da shi a hanci, yana kuma zaune a fata. Audugar ta taɓa fata a hanyar shiga, shi ke nan ya fito a takarda. Kura ta ci akuya ta yi gaba, an tsaya ana dukan kare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne klamidiya ba ta da hayaniya. Mafi yawan matan da ke ɗauke da ita ba ƙaiƙayi, ba wari, ba komai. In ta nuna kanta, sai dai ɗan jini bayan saduwa, ko zafin fitsari, ko nauyi a mara. A hankali take haurawa daga bakin mahaifa zuwa bututun da ƙwai ke bi, ta kumbura shi, ya warke da tabo. Tabon ne ke toshe hanya, shi ne kuma ke sa ciki ya zauna a wajen mahaifa. Binciken da aka yi a garin Lund na ƙasar Suwidin ya nuna kusan mata 8 cikin 100 na rasa haihuwa bayan kumburi ɗaya, kusan 20 bayan na biyu, 40 bayan na uku. Duk watan da aka ɓata ana farautar staf, ita aikinta take yi.

Gwajin da ke kama ta shi ne PCR, mai neman kayan gadon ƙwayar. Ga namiji, fitsarin farko da ya fara zubowa ake tara, kamar mililita 20, bayan ya yi aƙalla awa ɗaya bai yi fitsari ba. In ya kawo na tsakiya kamar yadda aka saba a gwajin mafitsara, ya zubar da shaidar a ƙasa. Ga mace, audugar gaba ta fi fitsari kamawa, kuma da kanta za ta iya ɗauka. Injin GeneXpert ɗin nan da ake gwajin tarin fuka da shi yana iya gwajin klamidiya da gonoriya, sakamako cikin kamar minti 90.

Na san za a ce tsada. A haɗa kuɗin allurai da HVS biyar da jarkokin tsimi tukuna, sai mu yi maganar tsada. Za a ce ba ko'ina ake yi ba. Gaskiya ne, amma likitan da ya san aikinsa zai duba bakin mahaifa ya ba da magani bisa alamomi, ba zai bi takardar staf ba.

Maganin ma ba wani dogon labari ba ne: doxycycline miligiram 100, safe da yamma, kwana 7. Mai ciki ba ta shan sa, azithromycin giram 1 ake ba ta sau ɗaya. Ba saduwa sai an cika kwana 7. Sannan maigida ya sha, uwargida ta sha, amarya ta sha, a lokaci guda. Alhaji, cewa kai ba ka jin komai ba hujja ba ce, kai ne rijiyar da kowa ke komawa ɗiba. A sake gwaji bayan wata 3. Kada a yi shi kafin sati 3 zuwa 4, don gawar ƙwayar na iya sa ya nuna akwai.

In an yi duk wannan zafin bai tafi ba, a nemi Mycoplasma genitalium, wata ƙwayar cutar da ita ma ta saduwa ake ɗauka. Ba ta da bangon jiki, don haka Ampiclox da allurar ceftriaxone ruwa ne a wurinta. Ita ma PCR ce kawai ke ganin ta, HVS ba ya gani.

Af, masu haɗiye doxycycline da shayi mai kauri da madara su bi gado, ku daina. Madara da maganin ƙarin jini na rage shigarsa jiki, a ba su tazarar awa 2. A sha da cikakken kofin ruwa, a zauna minti 30, in ba haka ba ya maƙale a maƙoshi ya ƙona shi, gobe kuma a ce mana olsa ce ta tashi.