Arba'in ɗin mai jego da kashi 75 na jami'a

A lokacin jarrabawar ƙarshen zango, duk wanda ya ratsa harabar jami'a a Arewa da rana tsaka zai ga abin da nake nufi. A gindin darbejiyar da ke daura da zauren jarrabawa akwai tabarma a shimfiɗe, ga fulas na ruwan zafi, ga yarinya ƙarama tana jijjiga jariri a kafaɗa, idonta na kan ƙofa. Uwar jaririn tana ciki tana rubutu.

Na taɓa zama a kan irin wannan tabarmar. Ƙanwata ta rubuta jarrabawar aji uku ko sati uku ba ta yi da haihuwa ba, ni na kai ta, gwaggonmu ta biyo mu don riƙon yaro. Da kuka ya ƙi ƙarewa, gwaggo ta ce, "Tashi ka roƙi malamin nan, ko minti biyar ne ya bar ta ta fito." Na je na rusuna a bakin ƙofa na ce, "Malam, don Allah a taimaka, yaron ya ƙi yin shiru." Ya dube ni, ya dubi agogo, ya ce ta fito, amma wata ma'aikaciya za ta tsaya a kanta, kuma ba zai ƙara mata ko minti ɗaya ba. Muka yi ta zuba masa godiya, gwaggo har da sa albarka. Sai a hanyar gida na tambayi kaina: da wani malamin muka tarar fa? Da ya ce a'a, ba mu da takardar da za mu nuna masa, ba mu da ofishin da za mu kai kuka. Abin da ya yi mana alfarma ce, kuma a kan alfarma kusan duk ɗaliba mai ciki ko mai goyo take karatu a ƙasar nan.

A yi lissafi a gani. Zangon karatu a jami'o'inmu yana ɗaukar kusan mako 15 na lacca. Yawancin jami'o'i sun shar'anta cewa sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci kafin a bar shi ya shiga jarrabawa. Ke nan fashin da aka yarda da shi bai cika mako huɗu ba. Ita kuwa mai jego a ƙasar Hausa kwana arba'in take yi tana wanka, kusan mako shida. In haihuwar fari ce, a gidan iyayenta za ta yi shi, wataƙila a wani gari. Don haka macen da ta haihu a tsakiyar zango, lafiya lau, ba tiyata, ba jinya, ta zauna arba'in ɗinta kawai, ta riga ta faɗi sharaɗin jarrabawa tun kafin ta buɗe littafi. Ban ma sa laulayi a lissafin ba, ko ranakun awo, inda mace take sammako ta kama layi ta wuni a asibiti. Wanda ya rubuta ƙa'idar kashi 75 ba mugu ba ne, yana neman maganin ɗalibai 'yan dojin aji ne. Ɗalibin da ya hango dai saurayi ne mai kwana a hostal, bai hango mai jego ba.

Za a ce ai akwai jingine karatu. Akwai. Amma wanda ya taɓa bin takardar jingine zango ya san tafiyarta: daga shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya, daga nan sai majalisar jami'a ta zauna. Sau da yawa amsa ba ta fitowa sai an gama jarrabawar da ake neman jinginewa. Kuma da yake kwas ɗin zangon farko ba a koyar da shi a zango na biyu, jingine zango ɗaya yakan zama asarar shekara guda. Wadda ba ta bi takarda ba kuwa sai ta tarar da kariyoba, wato kwasa-kwasan da sai ta maimaita, jere a allo, makinta ya zube, ƙawayenta sun wuce. Shi ya sa ake ganin mata suna ɗaure ciki da zani su hau adaidaita kwana goma bayan haihuwa. Tsoron maimaita aji ne ya fito da su.

Masu cewa "ta gama karatu mana kafin ta yi aure" sun manta da tsawon karatun. Digirin shekara huɗu a jami'ar gwamnati ya daɗe da zama lissafin baki. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yarinyar da ta shiga jami'a tana da shekara 18, aka yi wa manemin aurenta alkawarin shekara huɗu, ta wayi gari a shekara ta shida ba ta gama ba. Iyaye nawa ne za su ci gaba da cewa a jira? Masu karatun likita kuwa shekara shida ne tun asali, ban da shekarar sanin makamar aiki a asibiti. Mu ne muke kuka kullum cewa matanmu ba sa son likita namiji ya duba su, muna neman likitoci mata da ungozomomi masu ilimi. Mu ne kuma muke son 'ya'yanmu mata su yi aure da wuri. In har ana son biyun, dole jami'a ta zama wurin da mace za ta iya haihuwa ba tare da karatunta ya mutu ba.

Ɓangaren ma'aikata ya fi na ɗalibai kyau a takarda. Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya tana da hutun haihuwa na aƙalla wata huɗu da cikakken albashi, kuma a 2021 gwamnati ta amince da hutun kwana 14 ga magidancin da matarsa ta haihu. Jihar Legas ta kai hutun ma'aikatanta mata wata shida tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, daidai da wata shidan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nonon uwa zalla. To, a cikin harabar jami'a ɗaya za ka sami malama tana hutun wata huɗu, alhali ɗalibarta da suka haihu a mako ɗaya, wataƙila a ɗakin haihuwa ɗaya, ba ta da ko kwana guda a rubuce.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba in ana maganar ma'aikatan jami'a: masu sharar azuzuwa da banɗakuna, masu girki, masu wanki a asibitin koyarwa. Da yawansu yanzu 'yan kwangila ne ke ɗaukarsu. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba irinsu hutun mako 12, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, ya kuma hana a kore ta saboda wannan hutun. A aikace, wadda cikinta ya tsufa sai ta kawo ƙanwarta ta riƙe mata tsintsiya don kada a ba wata gurbin. Jami'ar da ke koyar da dokar ƙwadago a tsangayar shari'a bai kamata ta sa hannu a kwangilar da babu wannan sashen a cikinta ba.

A Amurka, sashe na tara na dokar ilimi ta 1972 ya haramta bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma ƙa'idojin aiwatar da shi sun shigar da ciki da haihuwa. Dole makaranta ta ɗauke wa ɗaliba fashin da likita ya ce wajibi ne, ta mayar da ita matsayin da ta bari, ta ba ta damar rama aikin da ya wuce ta, kuma akwai jami'in da aka naɗa musamman don karɓar ƙorafi. Ba ina cewa Amurka aljannar masu jego ba ce. Har yau dokarsu ta tarayya ta 1993 hutun mako 12 ba albashi ta bayar, a nan takardarmu ta fi tasu. Abin ɗauka shi ne sun fitar da maganar daga hannun kowane malami sun sa ta a doka. A gida ma akwai misali: hukumar yi wa ƙasa hidima ta daɗe tana sallamar masu ciki da masu goyo daga sansanin horo, tana kuma tura matar aure jihar da mijinta yake. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 shi ma ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda jinsinsa.

Ƙorafin malamai na gaskiya ne, kuma ban raina shi ba. Malamin da ke da ɗalibai ɗari biyar a aji ɗaya, in aka ce ya shirya wa mutum uku wata jarrabawar daban, aiki ne a kan aiki. Suna kuma tsoron takardun asibiti na bogi, wanda kowa ya san ana sayensu. Amma ciki ba zazzaɓin dare ɗaya ba ne, ba ya ɓuya, kuma asibitin jami'a na iya tantance shi tun watannin farko. Babu mai neman a sauƙaƙa tambayoyi ko a yi kyautar maki. Likitar da za ta yi wa mutum tiyata dole ta san abin da namiji ya sani. Lokaci kawai ake nema. A cire mako shida na jego daga lissafin halarta. A sa ranar jarrabawar ramuwa guda ɗaya a kalanda ga duk masu uzurin lafiya, maza da mata. A ba shugaban tsangaya ikon amincewa da jinginewar haihuwa cikin mako biyu, kuma kada a ƙidaya wannan zangon cikin iyakar shekarun da aka yarda ɗalibi ya yi. A ɗakunan gwaje-gwaje inda ake taɓa sinadarai masu haɗari ko hasken ɗaukar hoton ƙashi, a sauya wa mai ciki aiki ko a ɗaga mata shi. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wadda take zuwa tantance kwasa-kwasai tana ƙirga kujeru da littattafan laburare, za ta iya ƙara layi ɗaya a takardar tantancewarta: ina ɗakin shayarwa, ina gidan raino? Ɗaki ɗaya ne a kowace tsangaya, da fanka da famfo da labule.

Akwai tambayar da wasu ke yi a ƙasa-ƙasa: to wadda ta yi cikin ba aure fa? Wannan magana ce ta iyayenta da addininta, kuma ba ƙarama ba ce. Sai dai in kora ce, ba kasafai jami'a ke korar namijin da ya yi cikin ba, don shi babu alama a jikinsa. Hukuncin da ke sauka a kan mutum ɗaya cikin biyu, ya kuma bar jariri da uwar da ba ta da sana'a, ban ga gyaran da ya kawo ba.

Mu maza ma da namu. Wasu sukan yi alkawari a gaban waliyyi cewa za ta ci gaba da karatu, haihuwar fari na zuwa sai a ji "ki haƙura da bokon nan tukuna." Wasu kuma ba su hana ba, amma ba su taɓa riƙe yaro awa biyu don ta yi bita ba. A gindin darbejiyar nan ranar jarrabawar ƙanwata, na ƙirga tabarmi huɗu. Kakanni ne da ƙannai mata, biyu daga cikin yaran da rigar makarantar firamare a jikinsu, an ɗauke su daga nasu ajin don yayarsu ta zauna nata. Mijin ƙanwata yana wurin aiki, ni ma don ina da babur aka kira ni. Takardar da ta rubuta ranar ta ci ta da kyar, ta gobe kuma zazzaɓi ya hana ta zuwa, sai a shekarar da ta biyo ta rubuta ta tare da 'yan ajin da ke bayanta.