Dan Allah mu daina raɗa wa duwatsun Seres sunayen iyayen gidanmu

Jama'a wannan rigimar ta guruf ɗinmu na marubuta ta kai inda dole in fito nan in faɗi nawa, don a can kafin ka gama rubuta dogon bayani an binne shi da sitika. Ga wanda bai sani ba, mu wasu 'yan Bauchi ne muke rubuta labari guda tare, kowa da babinsa, labarin mutanen da suka yi ƙaura suka kafa gari a Seres, wata ƙaramar duniya da ke kewaya rana tsakanin Mars da Jupita. To da aka zo kan taswira sai abu ya lalace, wannan ya sa wa kwari sunan ubangidansa na siyasa, wancan ya sa na budurwarsa, wani ma nasa sunan ya manna wa tsauni sukutum ko kunya babu.

Na farko dai Seres ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Wani masanin taurari ɗan Italiya, Giuseppe Piazzi, shi ya gano ta ranar 1 ga Janairun 1801, faɗinta wajen kilomita 940, kuma kumbon NASA mai suna Dawn ya isa can a 2015 ya yi ta ɗaukar hotonta. Manyan wuraren duk suna da suna tuni, ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, ita ke tabbatarwa, kuma tsarinta a Seres shi ne ramuka a ba su sunayen allolin noma na al'adu daban-daban, sauran wurare kuma sunayen bukukuwan noma. Shi ya sa akwai ramin Dantu daga mutanen Ga na Ghana, akwai Yalode daga tsohuwar Dahomey, ga tsaunin Ahuna mai tsayin wajen kilomita 4 da ya ci sunan wani bikin girbi na Indiya. Wani malaminmu a guruf ya ce shi hannunsa ba zai rubuta sunayen gumaka ba, a goge su duka. Na fahimci damuwarsa wallahi, amma in muka goge, mai karatun da ya ɗauki waya ya duba taswirar gaskiya zai ga ba mu yi bincike ba. A bar su a taswirar hukuma da bakin injiniyoyi, mutanen gari kuma su kira wurin da nasu sunan, ai dama haka rayuwa take.

Ku duba garin nan namu mana. Tituna suna da sunayen manya a jikin allo, amma ka tare mai Keke Napep ka faɗa masa sunan allon ka ga yadda zai tsaya yana kallonka. Ce masa Gidan Mai, ko Bayan Gari, ko Railway, ko Fadamar Mada, ko Bakin Kura, sai ya ce hau mu je. Ba kwamiti ne ya zauna ya raɗa waɗannan ba, abin da ke wurin ne ko abin da ake yi a wurin ya haifi sunan, baki ya ɗauka ya bi gari. Mutumin da ya kwana yana haƙar ƙanƙara a Seres, ya fito a gajiye, kuna ganin zai ce wa abokinsa mu haɗu a tsaunin Mai Girma wane? Haba dai.

Kuma abin haushin, wurin cike yake da abubuwan da za su ba mu suna kyauta. A tsakiyar ramin Okator, mai faɗin kilomita 92, akwai wasu fararen tabo masu ƙyalli da suka rikita masana lokacin da Dawn ke matsowa, daga baya aka gane gishiri ne da ruwa mai zartsi ya turo daga ƙarƙashi ya bari a sama, akasarinsa sodiyom kabonet, wato dangin kanwarmu. To Bahaushen da ya sauka nan me zai kira wurin in ba Ramin Kanwa ba? Can wajen ƙuryar arewa kuma akwai ramukan da rana ba ta taɓa leƙa ƙasansu ba, an ga alamar ƙanƙara a wasunsu, nan ne rijiyar gari, nan za a yi layin ruwa, nan za a yi faɗa. Yini da dare gaba ɗaya awa 9 ne, nauyin mutum kuma bai wuce kashi 3 cikin ɗari na nauyinsa a nan ba, yaro zai iya tsallake gida, ace duk wannan bai ba ka suna ba sai na ɗan majalisa? (Maganar lokutan salla a yini mai awa 9 kuwa ku bar ta, wannan rigimar wata rana ce.)

Masu cewa ai karramawa ce, ba na musu. A Fuluto ma, wata ƙaramar duniyar da ke can nesa da rana, an yi, a 2017 aka tabbatar da duwatsun al-Idrisi, sunan masanin taswirar nan Musulmi da ya yi aiki a Sisili a ƙarni na 12. Amma ku lura, mutumin ya yi abin da ya shafi taswira ne, kuma ƙa'idar IAU sai mutum ya shekara uku da rasuwa kafin a sa sunansa, 'yan siyasar zamani kuwa ba a sa su sam. Mu da muke wasa da alƙalami sai mu fi su zaƙewa?

Shawarata ga admin ita ce, kada a shigar da wani suna taswira sai mai shi ya rubuta babin da ya nuna yadda sunan ya samu. Motar haƙa ta mace a wani kwari mutane suka kwana suna jiran ɗauki, to ga dalili, sa masa suna. Wanda kuma ya riga ya manna sunan budurwarsa, a ba shi zuwa ƙarshen wata ya kawo mana abin da ta yi a wurin, in bai kawo ba a cire.